Shekarar da Na Kwance Jakunan Babana

'Ya'yana da jikokina, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a dangi, kowa na ƙara mata gishiri daidai bakinsa. Wai ni Haruna, da na ji sitiyari a hannuna, na kori mahaifina daga gindin tsamiyarsa don motoci su samu wurin tsayawa. Na ji ta a wurin suna, na ji ta a wurin makoki, na ji ta daga bakin yaron da ko ubansa ba a haifa ba lokacin da abin ya faru. Ban tanka wa kowa ba, domin waɗanda suka gani da idonsu suna raye. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. To ku ji yadda aka yi daga bakin mai ita.

Mahaifina sunansa Sale, amma a Haɗejiya ba mai kiransa sai da Madugu. Fatauci da jakuna ya gada wurin nasa uban. Yakan tashi da ayari zuwa Guri da ƙauyukan fadama ya ɗauko bandar kifi da shinkafa, in rani ya yi ya nausa gabas ya dawo da kanwa. Dogo ne, baƙi, ba ya son yawan magana, in kuwa ya ce a'a, ko liman ya zo ba shi baki sai dai ya sha ruwa ya koma. Ni ne na biyu a 'ya'yansa maza, ni ne kuma na ƙi jaki. Na tafi Kano na yi ta bin mota har na samu lasin, na dawo gida a shekarun da sojojin da suka je yaƙin Bama suka komo, ina jan lorin wani attajiri mai sayen gyaɗa. Aikina in kwashi buhuna daga Haɗejiya in kai tashar jirgi ta Malam Madori, in juyo da gishiri da kananzir da yadi, da duk wanda ya samu wurin zama a kan kaya. Ranar da na fara tsayar da lorin a unguwarmu, har matan kulle sai da suka leƙo. Baba ya zaga ta, hannuwansa a baya, ya ce:

"Dabbar da ba ta san muryar mai ita ba, ina amfaninta?"

Bai ƙara ba. Bai hana ni sana'ata ba, bai kuma yaba ba. A kwano ɗaya muke cin tuwo, in na dawo daga tafiya yakan tambaye ni hanya da ruwa kamar yadda zai tambayi kowane bafatake.

A arewacin kasuwa, kan titin da ya miƙe zuwa ƙofar gari, akwai wani lambu da hukuma ta kafa tun ina yaro. An kewaye shi da gajeriyar katanga, an shuka maina layi-layi, wadda Kanawa ke ce wa darbejiya, da mangwaro da lemun tsami, an kuma haƙa rijiya mai daɗin ruwa dab da ƙofarsa. Ba lambun kayan miya ba ne, wurin shan iska ne. Da la'asar dattawa kan shimfiɗa buzu a ciki, malaman ofis kan zauna a benci suna muhawara, mata da yara kuwa tun safe suna jere a bakin rijiya da tuluna. A bakin ƙofar, ta waje, akwai wata tsamiya da ta girmi lambun, ta girmi zuwan Turawa. A gindinta kakana ya ɗaure jakunansa, a nan Baba yake ɗaure nasa. Da motoci suka fara yawa, aka kakkafa turaku a gefen titin, wasu da jan fenti wasu da fari, aka kafa allo da rubutun Turanci wanda ba direban da ya iya karantawa. Tsamiyar Baba ta faɗo tsakiyar jajayen turakun. Ba wanda ya ce masa uffan. 'Yan doka sukan gaishe shi su wuce. Mu direbobi kuwa ba abin da ya haɗa mu da titin lambu a lokacin, don muna da wani faƙo mai faɗi a kudu, bayan ganuwa, inda motoci da ayarin baƙi ke sauka, kowa da ɓangarensa.

Sai aka yi wata damina mai nauyi. Kogi ya cika ya batse, ya shanye gonakin shinkafa, ya hau har gindin ganuwa. Faƙonmu ya zama tafki, bado ya fito a ciki, masunta suna bi da gora inda muke canza taya. Kaka ta yi, gyaɗa ta fito, ruwa bai janye ba. Ba wani tudu mai faɗi kusa da kasuwa sai titin lambu, don haka kowa ya kwararo can: loruruwan Kano, raƙuman Buzaye, jakunan ƙauye, amalanke, kowa na neman inda zai sa ƙafa.

Ba zan manta da wata ranar kasuwa ba. Na shigo gari da hantsi, mota cike da gishiri, fasinjoji a sama suna ta kiran in tsaya. Na bi titin lambu daga sama har ƙasa, babu ko masakar tsinke. Na zaga ta bayan kasuwa, na tarar raƙuma sun durƙushe a hanya, masu su sun tafi ciniki. Na kutsa wani lungu ina ganin zai fitar da ni, sai ga ni a ƙofar wani zaure, dattijon gidan ya fito da carbi yana tambayata ko ta kan gidansa zan bi. Na yi baya da kyar, gefen bodi ya kankare masa katanga, na sauko na ba shi haƙuri. Lagireto ya fara tafasa. Wata tsohuwa a saman kaya ta ce in sauke ta ko a ina ne, ta fasa zuwa kasuwar. Da na sake dawowa titin lambu sai na hangi fili a bakin ƙofa, gefen tsamiya, inuwa luf-luf, jakunan Baba na tsaye suna kaɗa jela. Na ce alhamdu lillahi, na murɗa sitiyari na shige, na kashe mota. Abin da ku yanzu kuke ce wa fakin, mu a da ajiye mota muke cewa.

Ban gama saukowa ba sai ga Malam Bukar mai kula da lambun. Asalinsu mutanen bakin tafkin Chadi ne, kakansa ya zo Haɗejiya neman karatu ya zauna. Gajere ne, yana da tsage a fuska, kullum da bokitin ban ruwa a hannu. Ya fara da gaisuwar yarensu:

"Wushe, Haruna, sannu da hanya. Amma nan ba wurinka ba ne."

Na ce, "Malam, gari duk ya cika. In kai ta ina, in ɗora ta a kaina?"

Ya yi dariya, ya ajiye bokiti, ya ce in biyo shi. Muka taka titin tare, yana dafa turakun ɗaya bayan ɗaya kamar yana gabatar min da 'ya'yansa.

"Jan turke, ba mota ba dabba, ko na ƙiftawar ido. Dubi dalili. Ga ƙofa, ga rijiya. Mace da tulu a ka ba ta waiwaye, yaro kuma ba ya duba hanya. In gobara ta tashi a kasuwa, nan za a yi layin ɗiban ruwa. Farin turke, ka tsaya ka sauke kaya ka wuce. Wanda azahar ta same shi a nan, kada la'asar ta same shi. Inda babu turke, can gaba, ajiye ta ka kwana in ka so, amma a hannun hagu, hancinta na kallon ƙofar gari, weji a bayan taya. Kada ka tare zauren kowa. In ka zo bakin lungu, ka bar faɗin da makara za ta fita, don mutuwa ba ta jiran direba ya dawo daga cin abinci."

Duk shekarun da na yi a kan titi na ɗauka turakun nan dabarar cin tara ce kawai. Ashe kowanne da dalilinsa. Sai na nuna tsamiya da baki.

"To, su waɗancan jakunan fa?"

Ya ɗauki bokitinsa.

"Waɗancan na babanka ne. Kai za ka fi ni sanin yadda ake yi masa magana."

Na tayar da mota na kai ta can gaba cikin rana, na sa weji, fasinjoji suna ƙunƙuni. Amma ni kaɗai na yi haka. Duk wanda Malam Bukar ko ɗan doka ya ce wa ya tashi daga jan turke, amsarsa ɗaya ce: ga jakunan Madugu can, a fara da su. Ɗan doka sai ya sosa ƙeya ya wuce. A haka bakin ƙofar lambu ya zama zango, kashin jaki da baƙin mai har bakin rijiya.

Abin da ake gudu bai daɗe ba ya faru. Wani direba daga Kano, Ɗanladi, ya kwana da motarsa a gindin tsamiya. Da safe ya murɗa ta don ta tashi, sai ta yi wata ƙara kamar harbin bindiga. Jakunan wasu baƙi da aka ɗaure kusa da na Baba suka firgita, ɗaya ya tsinke igiya ya yi kan matan da ke bakin rijiya. Ya banke Gwaggo Tabawa, maƙwabciyarmu, tsohuwar da ta goya ni ina jariri. Tulu ya fashe, ita kuma ta faɗi a kan dakalin rijiya, ƙugunta ya karye. Ni na ɗauke ta zuwa wurin mai ɗori. Tana ta salati, tana ce min, "Haruna, a hankali, a hankali." Daga ranar ba ta sake tafiya ba sai da sanda.

Kashegari wakilin da ke kula da sha'anin cikin gari ya tara mu a zaurensa, direbobi gefe, masu jakuna gefe. Baba bai zo ba, ya ce jakinsa bai banke kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Wakili bai ɗaga murya ba. Ya ce an kawo shawarar a hana mota da ayari shiga gari ɗungurungum, kowa ya sauke kayansa a bayan ƙofa, amma shi ya roƙi a ba mu wa'adi zuwa kasuwa mai zuwa. In titin lambu ya gyaru, shi ke nan. In bai gyaru ba, kada wanda ya zo masa da kuka. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Gyaɗa da gishiri za su koma kan 'yan dako tun daga bayan gari, masu motoci za su karkata zuwa wasu kasuwanni, mu kuma mu koma zaman kashe wando. Direbobi suka haɗa baki suka ce ni zan tsaya musu, tunda ni ɗan gari ne, kuma ɗan Madugu. Na san lissafinsu. Suna ganin zan lallashi Baba ya tashi, inuwar ta zama tasu.

Na nemi Malam Bukar muka sake taka wurin. Abin da muka tsara mai sauƙi ne. Jan turke ya zauna fayau, ba mota ba jaki. Motoci su jeru a hagu daga ƙarshen farin turke zuwa ƙofar gari. Dabbobi kuma su koma bayan lambu ta gabas, inda rassan maina suka zubo waje, nesa da ƙarar inji. Wato inuwa ta dabbobi ce, rana ta motoci, domin ƙarfe ba ya jin ƙishirwa. Wakili ya saurara ya ce ya yi. Sannan ya sallami kowa ya tsayar da ni.

"Saura Madugu. In kana jin nauyinsa, zan aika 'yan doka ranar kasuwa su kwance jakunansa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar min shi."

Bayan magariba na samu Baba a zaure yana gyaran akumari. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga dalilin jan turke har wurin da muka tanadar wa dabbobi. Na ce na zaɓar masa bishiyar da ta fi kowacce inuwa, zan kafa masa turaku da hannuna. Bai ɗago ba.

"Lokacin da ubana ya ɗaure jaki a wurin nan, ina lambun yake? Ina fentin yake? Ina motar take?"

"Babu ko ɗaya, Baba. Amma yanzu ga su. Kuma muddin kuna wurin, ba wanda zai tashi."

"To kada su tashi. Ni na zo na same su, ko su suka zo suka same ni?"

"Baba, Gwaggo Tabawa tana kwance."

Ya soka basilla a jikin akumarin, ya dube ni.

"Ƙarfenku ya kwantar da ita. Je ka tashi ƙarfe."

Na shiga cikin gida. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji duk abin da aka yi, don zaurenmu ba ya riƙe magana. Ta ce in zauna.

"Kai kana ganin tsamiya yake riƙe? A da in ya tashi tafiya, ayarinsa sai ya cika unguwar nan. Yanzu gishiri ya koma motarku, kanwa ma ta fara komawa. Yaran da ya koya wa hanya duk sun watse. Abin da ya rage masa a garin nan da za a nuna a ce na Madugu ne, inuwar nan ce. Ita kake so ya miƙa."

Na ce, "To Inna, in yi yaya?"

"Ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Na dai gaya maka abin da za ka taɓa, don kada ka ce ba ka sani ba."

Mahaifiyarku Hadiza a lokacin tana da tsohon cikinka, kai Sani. Yarinya ce, amma Allah ya ba ta hangen nesa. Da na shiga ɗaki ta kawo min ruwa, ta ce a hankali:

"Malam, in ɗan doka ya kama igiyar nan, kana ganin Baba zai tsaya kallo?"

"Zai ɗaga sanda."

"In ya ɗaga fa?"

Mu duka mun san amsar. Tsoho mai furfura a gaban alƙali, daga nan gidan yari. Ta ce, "Fushinsa a kanka zai huce wata rana. Wancan kuwa ba ya wankuwa."

Ranar kasuwa, ina idar da sallar asuba na tafi titin lambu. Na jera motar maigidana a farkon layi, cikin fili inda rana za ta fi duka, don kada wani ya ce na zaɓar wa kaina. Direbobi suka bi baya suna gunaguni. Baƙin ayari suka tsaya cirko-cirko da jakunansu, ba su shiga jan turke ba, ba su kuma tafi bayan lambu ba. Kowa jira yake. 'Yan doka biyu na tsaye nesa kaɗan. Da rana ta fito sai ga Baba ya ɓullo da jakunansa, sanda a kafaɗa, bai dubi kowa ba. Ya wuce kai tsaye gindin tsamiya, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa buzunsa ya zauna.

Na cire takalmi na cire hula, na je na durƙusa a gabansa, jama'a na kallo.

"Baba, don Allah don Annabi, ku ba ni izini in mayar da su bayan lambu."

"Ban ba ka ba."

"To ku yafe min abin da zan yi."

Na tashi. Na fara da babbar jakarsa, Goshi, wadda sauran ke bi. Ƙullin na sani, shi ya koya min tun ban kai ƙugunsa ba. Na kwance su duka, na yi musu irin kiran da yake yi musu, suka biyo ni. Ina tafe ina jiran saukar sanda a gadon bayana, na kuma ƙudurta ko ya sauke ba zan waiwaya ba. Bai sauke ba. Na kai su ƙarƙashin mainar da na zaɓa, na ɗaure, na zuba musu harawa, na ɗebo ruwa na ba su. Kafin in juyo, baƙin ayari sun biyo sahu. Ɗanladi, wanda ya so ya maƙale kusa da ƙofa, ya ja motarsa ya shiga layi ba wanda ya ce masa kanzil. Kafin hantsi bakin rijiya ya zama fili, mata na ɗiban ruwa hankali kwance.

Da na koma gindin tsamiya Baba yana naɗe buzunsa. Murya ƙasa-ƙasa ya yi magana, ni kaɗai na ji.

"Ka kwance min jaki a gaban mutane. Gida ɗaya ba ya ɗaukar madugu biyu. Ka nemi inda za ka ajiye iyalinka."

A ranar muka kwashe kayanmu. Inna ta taya Hadiza ɗaure kwanuka, da muka kai zaure ta cusa mata ƙullin daddawa da kuka a hannu. Malam Bukar ya ba mu ɗaki a gidansa. A can aka haife ka, Sani, shi ya sa har ya rasu kake ce masa Kaka. Ranar suna Baba ya aiko da rago, ƙato, amma bai zo ba. Na zauna a cikin taro ina karɓar barka ina kallon bakin ƙofa har aka watse. A duk abin da ya same ni a shekarar nan, wannan ya fi yi min ciwo. Direbobi ma ba su bar ni ba. Sun sa rai da inuwa sun samu rana, suka laƙaba min Ɗan Jakai, wasu suka daina cin abinci da ni. Maigidana ya kira ni ya ce shi direba ya ɗauka ba ɗan doka ba. Na ce masa motarsa tana shiga gari ko ba ta shiga? Ya bar maganar.

Ban yi nadama ba a lokacin, ban kuma yi ba yanzu. Kowace safiya ina zuwa gaishe da Baba. In durƙusa a zaure in ce ina kwana, ya ce lafiya, shi ke nan, in tashi. Ya yi makonni bai je kasuwa ba. Daga baya aka ce min an ga jakunansa a bayan lambu, ba a bishiyar da na zaɓa masa ba, a wata can ƙarshe da ya zaɓa da kansa. Ruwa ya janye daga faƙon kudu, amma laka ta hana mota shiga, daga baya ma aka bar tsarin titin lambu yadda yake, don kowa ya ga daɗinsa. Gwaggo Tabawa takan dogara sandarta ta zo bakin rijiya ta zauna tana ba yara umarni.

Ana nan har bazara ta kama, zafi kamar ya dafa mutum. Wata ranar kasuwa na dawo daga Malam Madori, na ajiye mota a layi, ina tahowa da ƙafa sai na hangi taro a bakin ƙofar lambu. Na kutsa. Wata baƙuwar lori ce, ko daga ina oho, ta shige gindin tsamiya ta yi ɗaiɗai tsakiyar jan turke. Direban, wani ƙato mai gilashi, yana zaune a ciki ƙafa ɗaya a waje. A gabansa Baba ne tsaye, yana ƙwanƙwasa bodin motar da sandarsa.

"Kai, ba ka ga jan turke ba? Ja, ba mota ba dabba. Fari, ka sauke ka wuce. Can gaba ka ajiye, a hagu, hanci na kallon ƙofa, ka sa weji. In ka zo bakin lungu ka bar wa makara hanya."

Direban ya ƙare masa kallo daga rawani har takalmi.

"Tsoho, kai ɗan doka ne? Wa ya kafa wannan doka?"

"Hukuma ta kafa, ɗana ya tsayar da ita. Ni nan da kake gani, ubana ya bar min inuwar nan, kuma sai da yaron nan ya tashe ni. Kai wane ne da za ka zauna?"

Jama'a suka bushe da dariya. Direban ya ja ƙafarsa ciki, ya tayar da mota, ya tafi layi. Baba ya bi ta da kallo har ta tsaya, ya tabbatar an sa weji, sannan ya juyo. Idonsa ya faɗa kaina. Na durƙusa a wurin, cikin ƙurar titi. Ya ɗan jima yana dubana, ya gyara sandar a kafaɗa.

"Kai kuma me kake kallo? An ce yaron ya fara zama."

"Ya fara, Baba."

"A gidan mutane zai koyi rarrafe? Ɗakinku na nan, Innarka ta shafe shi tun shekaranjiya. Ka kwaso su kafin magariba."

Ya yi taku kaɗan, ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kuma in za ka kawo kayan a wannan abin naka, kada ka tare min zaure."